Tukunyar gas ba ta zama fanko, a daina miƙa wa 'yan gwangwan!

Jama'a, ƙaramar tukunyar gas mai kilo 3 ko kilo 6 ta riga ta shiga ko'ina. Tana cikin kayan ɗakin amarya da ɗakunan ɗalibai, tana ƙarƙashin teburin mai shayi. Alheri ce babba, domin ta raba iyayenmu mata da hayaƙin icce da tsadar kananzir. Sai dai mun karɓi tukunyar hannu bibbiyu, mun bar iliminta a baya. Ranaku biyu ne muke wasa da rayuka a kanta: ranar da za a ɗura mata gas, da ranar da za mu rabu da ita.

Abin da ke cikin tukunyar nan ruwa ne da aka matse da ƙarfi. Idan ya samu hanyar fita, lita ɗaya kan zama iska kimanin lita 250. Iskar kuma ta fi wadda muke shaƙa nauyi, shi ya sa ba ta tashi sama ta watse. Kwanciya take yi a ƙasa, ta bi kwata, ta taru a ƙarƙashin gado, tana jiran ƙyastin ashana ko tartsatsin makunnin lantarki. Warin da muke ji ma da gangan aka zuba mata shi don hanci ya yi mana gargaɗi. Kuma duk ranar da wutar girki ta mutu muka ce gas ya ƙare, ruwan ne kawai ya ƙare. Cikinta na nan maƙare da iska mai kama wuta.

Ku je shagon ɗura gas na cikin unguwa ku tsaya ku gani. Yaro ya kifa babbar tukunya, ya haɗa ta da ƙarama da tiyo, farin tururi na fita yana huci, ƙarfen ya yi sanyi har yana raɓa. Taku kaɗan daga nan mai tsire na fifita garwashi, janareton maƙwabci na ruri. Mai tukunya kuwa na tsaye a kansa yana cewa, "Ƙara mini, cika ta taf, kuɗina na biya." Ɗan'uwa, abin da kake roƙo shi ne halakarka! Ba a cika tukunyar gas ta wuce kusan kashi 80 cikin 100, saboda ruwan na kumbura idan ya ji zafi, dole a bar masa wurin numfashi. Mu da zafinmu na Maris da Afrilu ke haura digiri 40, tukunyar da aka cika maƙil aka ɗaure a bayan babur cikin rana ba ta da inda za ta kai wannan kumburin sai ta bakinta ko ta inda aka yi mata walda.

Sikeli ne alƙali a nan. A jikin tukunya akwai nauyinta ita kaɗai, galibi kusa da haruffan TW. Ka haɗa shi da kilon da aka rubuta tana ɗauka, kada a wuce haka ko da kyauta ne. Wanda ba shi da sikeli, ko yake auna cika da girgizawa, ɗauki tukunyarka ka yi gaba zuwa tashar gas mai lasisi. Idan ka dawo gida, shafa kumfar sabulu a bakinta da mahaɗar tiyo. In ka ga kumfa na tasowa, tana yoyo, fitar da ita fili. Kada ka kuskura ka gwada da ashana.

Ba mu manta da Sabon Tasha ba. Ranar 4 ga Janairun 2020 wani shagon gas ya fashe a wannan unguwa ta Kaduna, mutane suka rasu, cikinsu har da Farfesa Simon Mallam, shugaban hukumar makamashin nukiliya ta Nijeriya, wanda ke shagon aski a kusa. Bai je sayen gas ba. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Tukunya ma tana tsufa. Ƙa'idar hukumar SON mai kula da ingancin kaya ita ce a sake gwada ta duk shekara 5, a yi ritayarta bayan shekara 15. Duba shekarar ƙira a marikinta, ka juya gindinta ka ga ko tsatsa ta ci. Sabon fenti ba ya mayar da tsohon ƙarfe sabo, kuma mai walda ba ya gyara tukunyar gas. Su kuwa 'yan ƙananan gwangwanayen gas na rishon tafiya, masu siraran jiki, sau ɗaya aka yi su a yi amfani da su. Ba a sake ɗura musu.

Inda abin ya fi ci mini rai shi ne ranar rabuwa. Tukunya ta lalace, ɗan gwangwan ya zo wucewa da kurarsa, sai a miƙa masa a karɓi 'yan canji. Wa ka ba? Yaro ne ɗan wani, wanda ya baro garinsu neman halak, bai san abin da ya ɗauka ba. Zai kai ta inda ake dukan ƙarfe da guduma, ana yanka da inji mai feshin tartsatsi. Ko a jefa ta bola, da yamma a cinna wa bolar wuta, yara na wasa a gefe. Kai ka rabu da haɗarin, ka ɗora shi a kan wanda ya fi ka rauni. Wallahi wannan haƙƙi ne, kuma kuɗin tsohon ƙarfe bai kai a ɗauki alhakin rai saboda shi ba. Maimakon haka, ka ajiye tukunyar a tsaye, a inuwa, inda iska ke kaɗawa, har ka kai ta babbar tashar gas ka nemi masana aikin su zuƙe ragowar, su cire bakin, kafin ta zama kayan gwangwan.

Malamanmu limamai, ku ba wannan magana minti biyu bayan sallah. Masu unguwanni, ku zaga ku ga shagunan da ke ɗuri a jikin gidajen mutane, ku kai maganarsu ga hukumar NMDPRA mai ba da lasisi. Shugabannin 'yan gwangwan, ku kafa doka a tsakaninku: tukunyar da bakinta ke jikinta ba a saye, ba a sara. Ku kuma masu manyan tashoshin gas, da kuɗinmu kuke juyawa, don haka ku ware wurin karɓar matattun tukwane, ku rubuta da Hausa a bakin ƙofa, ku sanar a rediyo, mutane su san inda za su kai tun daga wannan makon.