Ladubban Farautar Salwar Amurka

A kudancin Amurka, musamman jihohin Jojiya, Filorida da Teksas, akwai wata 'yar salwa da ake kira bobwait, wadda idan hunturu ya kama takan yi yawo garke-garke, goma zuwa ashirin, da dare su kwanta a da'ira, wutsiya ciki, kai waje, suna ɗumama juna. Maharbin da ya fahimci wannan hikima ta Ubangiji, wajibi ne ya bar kare ya shinshino su ya tsaya cik, shi kuma ya tunkare su iska na bugun fuskarsa, sa'an nan, idan suka tashi fir gaba ɗaya, ya tsai da ido kan guda, domin mai harbi cikin taro galibi hannu rabbana yake komawa.

Amma a ra'ayina babban sharaɗi shi ne ƙana'a, saboda garken da aka rage ƙwarai sanyi ne zai ƙarasa shi, wanda kuwa aka tarwatsa gab da magariba ba ya samun sukunin haɗuwa. Ban da ƙana'a, akwai batun mazauni: tun 1931 Herbert Stoddard, mai binciken wannan tsuntsuwa, ya bayyana a littafinsa cewa ƙona daji bisa ƙa'ida yana raya mazaunin bobwait, kuma rashin wannan mazauni, fiye da bindiga, shi ne musabbabin raguwarta a yau.