Tashar da Aka Zana da Tashar da Aka Gina

A shekarar 1984 shugaban Amurka Ronald Reagan ya yi wa ƙasarsa alkawarin ƙatuwar tasha a sararin samaniya cikin shekara goma, wadda daga baya aka raɗa wa suna Freedom. Injiniyoyi suka yi ta zane suna sakewa, biliyoyin dala suka ƙare a kan takarda, ko ƙusa ɗaya ba ta tashi sama ba. A 1993 da ƙuri'a ɗaya tak shirin ya tsira a majalisar wakilai, kuma sai da aka gama shi da na Rasha aka samu tashar ƙasa da ƙasa, wadda aka harba ɗakinta na farko a 1998.

Tarayyar Sobiyet kuwa da ɗaki guda ta fara, Salyut 1, a 1971. Mutum ukun da suka zauna cikinta sun rasu a hanyar dawowa. Aka gyara kuskure, aka ci gaba. A 1986 aka harba uwar ɗakin Mir, ana ƙara mata ɗaki bayan ɗaki har 1996, kamar magidancin da ke faɗaɗa gida bayan kowace kaka. Shekara 15 ta yi tana kewaya duniya.

Gyara ma yana cikin gini. Skylab ta Amurka ta isa sama a 1973 garkuwarta ta yage, fiffiken hasken rana ɗaya ya cire, ɗayan ya maƙale. Ma'aikatanta suka kafa mata laima don tare zafi, sa'an nan Conrad da Kerwin suka fita waje da almakashin ƙarfe suka kwance fiffiken.

Nijar na da tata Freedom: tun shekarun 1970 ake zancen barajin Kandaji, tubalin farko sai a 2008. Tana kuma da tata Mir a gonakin Agye, Gazawa da Gidan Runji. Tun bayan yunwar 1984 manoma, irin na ƙauyen Ɗan Saga, suka rungumi sassaben zamani: a bar tohon gawo, kalgo da sabara, a rage rassa, a tsare shi daga gatari da awaki. Itace bayan itace aka yi aikin, har hotunan tauraron ɗan Adam suka nuna wajen hekta miliyan 5 sun farfaɗo a jahohin Maraɗi da Damagaram.

Saboda haka, ran da ɗan takara ya sauka kasuwar Gazawa da zanen masana'anta ko hanyar jirgin ƙasa, ya kamata talaka ya yi masa tambaya uku kafin tafi: wane ɗaki za a fara ginawa, da kuɗin wa, kuma wa zai gyara ran da ya lalace? Famfunan da suka mutu a ƙauyuka don rashin ɗan ƙarfe ɗaya sun isa shaida cewa tambaya ta uku ce aka fi mantawa. Wanda ya kasa amsa ta, a bar shi da takardarsa.