Kafin Mu Ce "A Sayar Da Shi": Abin Da Rikicin Magoya Bayan Toronto Ke Koya Mana



Yau za mu yi nisa da gida, mu leƙa birnin Toronto na ƙasar Kanada, inda wasan hoki na kan ƙanƙara yake da irin matsayin da ƙwallon ƙafa take da shi a wajenmu. Tun farkon watan Yulin 2025 magoya bayan ƙungiyar Toronto Maple Leafs suka rabu gida biyu a kan tafiyar ɗan wasa guda, Mitch Marner. Wasu na cewa an rabu da ƙaya, wasu na cewa an yi asarar da ba za a mayar ba. Mu ra'ayinmu shi ne, duk wanda ya buɗe baki ya ce a sayar da ɗan wasa ya ɗauki bashin amsa tambaya uku: yaushe, a kan me, kuma wa zai tsaya a gurbinsa. Yawancin masu wannan muhawara ba su biya bashin ba, kuma ciwon da yake damunsu shi yake damun rubutun ra'ayi da yawa da muke yi.

Bari mu fara da yadda wasan yake, don kada mu bar kowa a baya. Kowane ɓangare yana da mutum shida a kan ƙanƙara, har da mai tsaron raga. Suna sanye da takalman zamiya, suna kora wani ɗan faifan roba da sanduna zuwa raga. Minti 60 ake yi, kashi uku. Saboda tsananin gudu, ɗan wasa ba ya wuce kamar minti ɗaya sai ya fita wani ya shigo, don haka ƙungiya take shirya mutum 20 a kowane wasa. Gwanin gwanaye a 'yan gaba yakan yi minti 20 da 'yan kai ne kawai a fili. Ma'ana, kusan kashi biyu cikin uku na lokacin wasa yana zaune a benci yana kallon abokan aikinsa. A riƙe wannan, za mu dawo gare shi.

Babbar gasar duniya a wannan wasa ita ce NHL, mai ƙungiyoyi 32 a Amurka da Kanada. Har zuwa kakar 2025 zuwa 2026 kowace ƙungiya wasa 82 take bugawa, sannan 16 su shiga zagayen fitar da gwani, inda ake karawa har sai ɗaya ta ci wasa huɗu cikin bakwai. Wadda ta tsallake zagaye huɗu ita ke ɗaukar Kofin Stanley. Toronto ta ɗauki kofin nan sau 13, amma rabonta da shi tun 1967. Akwai dattawa masu jikoki a birnin da ba su taɓa ganin ƙungiyarsu ta ɗaga shi ba.

Domin kawo ƙarshen wannan fari aka gina ƙungiyar a kan mutum huɗu: William Nylander da aka zaɓo a 2014, Marner a 2015, Auston Matthews a 2016, sai John Tavares da aka ɗauko a 2018. A wasannin kaka sun yi abin a zo a gani. Matthews ya ci 69 a kakar 2023 zuwa 2024. Marner ya haɗa maki 102 a kakarsa ta ƙarshe, ya ci 27 da kansa, ya taimaka an ci 75. Amma da an shiga zagayen fitar da gwani sai labari ya sha bamban. Daga 2017 zuwa 2025, zagaye biyu kacal suka tsallake: sun fitar da Tampa Bay a 2023, sun fitar da Ottawa a 2025. A 2021 suna gaban Montreal da wasa uku da ɗaya, aka juyo aka fitar da su. A watan Mayun 2025 kuwa Florida Panthers ta zo har gida ta lallasa su 6 da 1 a wasa na bakwai, 'yan kallo suna yi musu ihu, wasu suna jefa rigunan ƙungiyar cikin fili.

Bayan 'yan kwanaki aka sanar ba za a sabunta kwantiragin shugaban ƙungiyar, Brendan Shanahan, ba. Marner kuma, wanda kwantiraginsa ke ƙarewa, ya koma Vegas Golden Knights a kan dala miliyan 96 na shekara takwas. Abin da Toronto ta samu a madadinsa shi ne Nicolas Roy, ɗan wasan tsakiya mai ƙwazo wanda ya ɗauki kofi da Vegas a 2023, amma makinsa a kakar 2024 zuwa 2025 31 ne.

Ɓangaren farko na magoya baya suna cewa Marner gwanin ranar sauƙi ne. Hujjarsu tana da ƙarfi: a wasanni 70 na fitar da gwani da ya buga wa Toronto, 13 kawai ya ci. Ɓangare na biyu suna cewa a cikin waɗannan wasannin dai ya haɗa maki 63, yana tsare gida idan an kori ɗan wasansu na ɗan lokaci, kuma yaron gari ne da ya tashi a kewayen Toronto yana son ƙungiyar tun yana ƙarami. Su ma ba ƙarya suka yi ba. Sai dai duka ɓangarorin biyu suna shari'ar halin mutum guda ne, alhali abin da ya ɗaure ƙungiyar lissafi ne da kalanda.

Ga lissafin. Mu da muka saba da ƙwallon Turai mun san idan ƙungiya ta sayar da tauraro takan karɓi maƙudan kuɗi ta shiga kasuwa. A NHL babu wannan. Ba a biyan kuɗin sayen ɗan wasa, musaya ake yi, mutum da mutum ko mutum da damar zaɓen matasa masu tasowa. Sannan tun 2005 akwai iyakar albashi: adadin da babu ƙungiyar da za ta wuce shi wajen biyan dukkan 'yan wasanta a shekara, komai arzikinta. A kakar 2024 zuwa 2025 iyakar dala miliyan 88 ce. Matthews yana cin miliyan 13.25, Nylander 11.5, Tavares 11, Marner kusan 10.9. Idan aka tara, mutum huɗu sun lashe sama da miliyan 46, fiye da rabin tukunyar. Ragowar ita za a raba wa kusan mutum 19, har da masu tsaron raga da 'yan baya. Mu tuna abin da muka ce a riƙe: waɗannan mutum 19 su ne a fili a mafi yawan lokacin wasa.

Me ya sa shugabanni suka yarda da wannan rabo? Lokacin da aka ba Tavares kwantiragi a 2018, aka ba Matthews da Marner nasu a 2019, iyakar albashin tana hawa kowace shekara, an ɗauka nauyin zai yi ta raguwa da kansa. Sai annobar korona ta zo, filaye suka zama babu 'yan kallo, iyakar ta tsaya cik a miliyan 81.5 har kaka uku, bayan nan ma da miliyan ɗaya ɗaya ta riƙa motsawa na shekara biyu. Ruwa ba ya tsami banza. Wanda ya rubuta labarin gazawar Toronto bai ambaci waɗannan shekaru ba, ya bar rabin labarin a waje.

Ga kuma kalandar. Masu murnar tafiyar Marner suna yawan kafa hujja da Florida. A bazarar 2022 Florida ta rabu da Jonathan Huberdeau, wanda ya gama kaka da maki 115, ta haɗa shi da MacKenzie Weegar ta miƙa wa Calgary, ta karɓo Matthew Tkachuk. Shekara mai zuwa ta kai wasan ƙarshe, sannan ta ɗauki kofi a 2024 da 2025. Sai su ce, ka gani, rabuwa da mai maki ɗari ba mutuwa ba ce. Gaskiya ne, amma a dubi bambancin. Florida ta yi cinikinta ne Huberdeau yana da sauran shekara a kwantiragi, hajarta tana hannunta, don haka ta karɓo tauraro a madadin tauraro. Shi kuwa Marner, tun ranar 1 ga Yulin 2023 wani sharaɗi a kwantiraginsa ya fara aiki, wanda ya hana a musanya shi sai da yardarsa. 'Yan makonni kafin wannan rana ƙungiyar ta rabu da babban manajanta Kyle Dubas, ta kawo Brad Treliving, ranar ta zo ta wuce ba a yanke shawara ba. Zuwa 2025 Marner yana da 'yancin tafiya kyauta. Abin da ya rage wa Toronto shi ne dokar da ta ba ta ita kaɗai damar sa masa hannu na shekara takwas, sauran ƙungiyoyi bakwai. Wannan shekara ɗayar ta sayar wa Vegas, ta karɓi Roy. Da babu gara ba daɗi, amma kada a kira shi cinikin Tkachuk.

Saboda haka muke ganin mai kukan an yi asara da mai murnar an huta duk ihu suke bayan hari. Tambayar da ta cancanci zafin muhawara ita ce abin da aka yi da gurbin da ya buɗe. A kakar 2025 zuwa 2026 iyakar albashi ta hau zuwa miliyan 95.5. Tavares ya yarda ya sauko daga miliyan 11 zuwa ƙasa da 4.4 a shekara, bayan ya ci 38. Matashi Matthew Knies, da ya ci 29, an ɗaure shi shekara shida a kan 7.75. An kawo Matias Maccelli daga Utah da Dakota Joshua daga Vancouver. Dabarar a fili take: a watsa kuɗin mutum ɗaya a kan mutum uku, a samu ƙungiya mai nauyi da juriya irin wadda kocin wancan lokacin, Craig Berube, yake so. Raunin ta ma a fili yake: babu ko ɗaya cikin ukun da ya taɓa kusantar abin da Marner yake samarwa, kuma Matthews ya rasa mutumin da ya fi miƙa masa faifai. Wanda zai ce dabarar ta yi sai ya nuna inda taimako 75 zai fito. Wanda zai ce ba ta yi ba sai ya faɗi sunan ɗan wasan da yake samuwa a kasuwa, da albashinsa, da wanda za a fitar don a samar masa wuri.

Za a iya ce mana, ai mai goyon baya ba akawu ba ne, zuciya ce ta kawo shi fili, yana da haƙƙin ya yi fushi. Mun yarda. A 1988 da Edmonton ta musanya Wayne Gretzky zuwa Los Angeles, har ɗan majalisar tarayya aka samu yana neman gwamnati ta hana, mutane suka ƙona mutum-mutumin mai ƙungiyar. Babu wanda zai raina wannan ƙauna. Amma bayan shekara biyu Edmonton ta ɗauki kofi ba Gretzky, shi kuma bai sake ɗauka ba har ya yi ritaya. Zafin zuciya bai hango haka ba. Kuma fushin da ba shi da lissafi yakan nemi mutum guda ya sauka a kansa. Marner da bakinsa ya faɗa daga baya cewa bayan wasan Florida an yaɗa adireshin gidansa a intanet, har sai da aka sa masu gadi su tsare iyalinsa. Nan ne maganar baki take komawa cutarwa.

To mu marubuta, ina ruwanmu? Ruwanmu shi ne, da yawa daga cikin rubutun ra'ayin da muke yi wannan siffar gare shi. A kori koci. A sauke shugaba. A rushe tsari. Mukan zaɓi mutum ɗaya mu mai da shi mugun labari, domin labari mai mugu ya fi daɗin rubutawa kuma ya fi saurin yaɗuwa. Abin da ya fi wuya shi ne mu zauna mu gano dokar da ta ɗaure masu yanke shawara, da ranar da dama ta wuce, da farashin abin da muke nema. Gardamar gidan kallo tana iya ƙarewa da wanda ya fi ɗaga murya. Rubutu kuwa yana zama, wani zai karanta shi bayan shekara ya auna mu da shi.

Aikin wannan mako ke nan ga mai sha'awa: a ɗauki ƙungiya ɗaya da ake so, ta gida ko ta waje, a rubuta shafi guda a kan ɗan wasan da ake ganin ya kamata a rabu da shi. Sharaɗin shi ne a kawo hujjar masu son a riƙe shi yadda su da kansu za su yarda an yi musu adalci, a faɗi abin da ya rage a kwantiraginsa, sannan a ambaci wanda zai maye gurbin da abin da zai ci. Idan an kasa cike waɗannan, a ajiye alƙalami a koma bincike, ra'ayin bai nuna ba tukuna.

Allah ya ƙara mana basira, ya sa alƙalumanmu su zama masu adalci. Sai mako mai zuwa.