RA'AYINMU: Likita Da Injiniya Su Haɗa Kai A Bauchi

A 1980 aka kafa jami'ar fasaha ta Gwamnatin Tarayya a Bauchi. A 1984 aka mayar da ita ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, kana a 1988 ta sake tsayawa da ƙafafunta da sunan Abubakar Tafawa Ɓalewa. Yau tana horar da injiniyoyi, tana horar da likitoci, ga kuma asibitin koyarwa a cikin gari.

To, kowa ya san halin da asibitocin ƙasar nan suke ciki. In kwalbar renon bakwaini ko na'urar ba da iskar numfashi ta lalace, sai a jingine ta a lungu, ana jiran mai gyara daga Ikko ko kayan gyara daga Turai. Sau da yawa kafin su iso an rasa jaririn.

Maganin abin nan bai fi ƙarfinmu ba. Farfesa Hippolite Amadi, injiniya ɗan Nijeriya, ya ci kyautar kimiyya ta kamfanin NLNG a 2023 saboda na'urorin taimaka wa jarirai numfashi. Aikinsa ya yi nasara ne domin ya shiga ɗakin jinya ya ga matsalar da idonsa.

Saboda haka muna kira ga hukumomin jami'ar da na asibitin su tsayar da cibiyar bincike guda mai ƙarfi, inda likita zai faɗi buƙata, injiniya ya ƙera, a gwada a nan gida. Asusun TETFund da Gwamnatin Jihar Bauchi kuma su ba da kuɗi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.