Niyya a Baki, Wani Abu Dabam a Zuci

Kowace shekara, in an gama yankan shinkafa an ɗinke buhuna, za ka ji manoman Kura da Bunkure da Garun Malam suna ɗaukar wa kansu alkawari. Wannan ya ce baɗi zai yi dashe da wuri, kuma a layi. Wancan ya ce shi kam ba zai sake bari kacala ta cinye kanal ɗin da ke bakin gonarsa ba. Wani kuma ya ce zai sayi littafi ya riƙa rubuta duk abin da ya kashe. Baɗi ta zo, sai a koma gidan jiya. Mutanen nan ba maƙaryata ba ne, kuma ba ragwaye ba ne, gama wanda ke tashi da asuba cikin sanyin hunturu ya tafi ban ruwa ba a kiransa rago. To, me ke karya niyyar?

Waɗansu za su ce rashin sani ne. Ni ban yarda ba. Tun 1974 aka gama madatsar ruwa ta Tiga, zamanin Gwamna Audu Bako. A 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. Ga tashar binciken noman rani ta Cibiyar Samaru nan a Kadawa, a tsakiyarmu. Watau fiye da shekara 50 ke nan ana noman rani a wannan yanki, ana kuma koyarwa, a gona da rediyo. Ka tsayar da kowane manomi ka tambaye shi kwana nawa ya kamata irin shinkafa ya yi a wurin reno kafin a dasa, zai ba ka amsa daidai. Sani yana nan. Abin da ke kayar da mu abu biyu ne. Na fari, akwai wata magana da mutum ya yarda da ita a can cikin zuciyarsa, ba ya faɗinta ko ga kansa. Na biyu, gudun 'yar wahala ko 'yar kunya ta yau. Su biyun nan tare suke tafiya, ɗaya na kare ɗaya. Bari in kawo misali uku.

Mu fara da dashe. Shawarar malaman gona ita ce a cire iri yana ɗan kwana 14 zuwa 21, a dasa biyu ko uku a rami, a bar santimita 20 tsakani, watau kamar inci 8, kusan taƙi guda. Dalili kuwa shi ne, ƙaramin iri ya fi saurin kama ƙasa, ya fi yin 'ya'ya. Wanda ya tsufa a wurin reno ya riga ya ɓata kwanakin da zai yi yana yaɗuwa. Manomi ya ji, ya ce gaskiya ne. Amma ran dashe sai ka ga iri ya haura wata guda, ana cusa shi dami dami. In ka tambaye shi, sai ya ce ma'aikata ne ba su samu ba. Wani lokaci haka ne. Amma sau da yawa abin da ke zuciyarsa shi ne, gonar da ta cika ido tun farko ita ce gonar kirki. Gonar da aka dasa da ƙaramin iri a layi takan yi kamar mako biyu tana kama da fili, ruwa ya fi shuka yawa. A cikin mako biyun nan duk wanda ya wuce ta bakin gona sai ya yi magana: “Alhaji, iri ne ya ƙare?” Wannan 'yar dariya ita yake gudu. Ya sayi kwanciyar rai ta mako biyu, ya biya da buhunan kaka.

Haka nan batun ruwa. Da yawa sun ɗauka shinkafa tana son ta nutse, saboda haka sai a bar ruwa na shiga ta nan yana fita ta can dare da rana. Alhali ruwa mai zurfin kamar santimita 5 ya ishe ta, mai zurfi ƙwarai ma yakan rage mata 'ya'ya. Sa'an nan a watsa yuriya cikin ruwa mai gudu, takin ya narke ya bi magudana, kuɗi ya tafi. Gonar da ruwa ya daɗe yana kwance a kanta ba mafita, ƙasarta takan fara yin kanwa. Manomi ya san wannan. Amma ganin ruwa ya cika fangali yana sanyaya masa zuciya, rufe bakin ruwa kuwa yana tayar masa da hankali, yana tsoron kada gobe ya nema ya rasa.

Misali na biyu, kanal. Shirin TRIMING, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2014, ya gyara manyan hanyoyin ruwa na wannan yanki, aka kuma ƙarfafa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, domin ƙananan hanyoyi su zama a hannun manoma, su share, su biya kuɗin ruwa. A wurin taro kowa yakan ɗaga hannu ya ce ya yarda. Ranar gayya kuwa sai ka ƙirga mutane da yatsu. Wannan yana da biki, wancan ya tafi kasuwa. Maganar da ke ɓoye ita ce: “Kanal na gwamnati ne, wanda ya gina shi ya gyara.” Akwai kuma ta biyu: “In na fito su ba su fito ba, ni ne wawa.” Shiga laka a tuge kacala ba daɗi. Zuwa wurin maƙwabci a ce masa, “Malam, ba mu gan ka ran gayya ba,” ya fi shiga lakar wuya. Saboda haka kowa ya yi shiru. Kacala ta yi kauri, laka ta taru, ruwa ya rage gudu. Na ƙarshen kanal su ne ke fara ji a jikinsu, su riƙa kwana a gona suna gadin ruwa, har a kai ga faɗa tsakanin mutanen da ke salla a masallaci ɗaya. Yini guda na gayya aka guda, aka sayi rani guda na rigima.

Misali na uku ya shafi manomi da ɗan kasuwa da akawu baki ɗaya, shi ne lissafi. Littafi da biro ba su kai kuɗin mudun taki ba. Me ya sa aka kasa? Waɗansu sun yarda a ransu cewa yawan ƙirge yana kore albarka. Waɗansu kuma, in za a faɗi gaskiya, tsoron amsar suke yi. Mutum yana jin a jikinsa cewa tumatirin da ya kai Kwanar Gafan lokacin da kowa ya kai nasa bai mayar da kuɗin taki da magani da kwando da mota ba. Muddin bai rubuta ba, yana iya ce wa kansa an dai samu. In ya rubuta, tilas ya fuskanci abin, ya sake lokacin shuka, ko ya rage tumatir ya ƙara albasa ko alkama, kuma sauyi yana da nauyi. Ɗan kasuwar da ke ba da shanshera bashi bai rubuta ba don kunyar aboki, shi ma wannan ciwo ne. Akawun da ke rubuta lissafin ofis tsaf, amma bai taɓa tambayar mai kula masa da gona inda buhun taki ya shiga ba, shi ma haka. Game da albarka kuwa, ai wanda bai san yawan abin da ya girbe ba bai san zakkar da ke kansa ba. Kuma malamai sun sanar da mu ayar da ta fi kowace tsawo cikin Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi take magana.

Na san wani zai ce, “Malamin gona, kai albashi kake ci. Ka san tsadar taki? Ka san wuyar samun 'yan dashe a lokacin da kowa ke nema?” Wannan magana tana da ƙarfi, ba na raina ta. Akwai abin da ya fi ƙarfin manomi: tsadar kaya, ruwan da bai zo kan lokaci ba, ko annoba irin tsutsar tumatir da ta yi mana ɓarna a 2016. Amma ga yadda za ka rarrabe uzurin gaskiya da na ɓoye. Ka tambayi kanka, in an kawar da wannan uzuri yau, zan yi abin gobe? In an ba ka 'yan dashe kyauta, za ka yarda su dasa biyu biyu a layi, ko za ka tsaya a kansu kana cewa su ƙara? In zuciyarka ta yi ɗar, to, ba kuɗi ne matsalar ba.

Shawarata guda huɗu ce.

Ta ɗaya, ka fito da maganar fili. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ka faɗa wa kanka, ko wani aminin da ka yarda da shi: “Ina tsoron a yi mini dariya,” ko “Ina tsoron in ga na faɗi.” Maganar da aka faɗa ana iya auna ta. Wadda aka ɓoye ita ke juya mutum.

Ta biyu, kada ka ce za ka sake gona duka a shekara ɗaya. Keɓe fangali biyu ko uku, ka yi su yadda aka koyar, sauran ka yi yadda ka saba. Ka yanke su dabam, ka sussuke dabam, ka auna da mudu ɗaya. Gani ya kori ji. In sabuwar hanya ba ta fi ba, ka zo ka faɗa mana a gaban jama'a.

Ta uku, ka sa wa niyya rana. “Zan yi da wuri” ba niyya ba ce. Ran da ka zuba iri, ƙirga kwana 21, ka sa alama a kalanda, ka kama 'yan dashe tun ran nan. Mai alkama ya san tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba ne lokacinta, in ya makara zafin Maris zai same ta tana cika ido. Shi ma ya sa rana.

Ta huɗu, kada ka yi kai kaɗai. Ku haɗu ku uku ko huɗu masu gona kusa da juna. Mutum ɗaya ake yi wa dariya, ba a yi wa huɗu. Ranar gayya kuma a kira suna, a rubuta wanda ya zo, shugaban ƙungiya ya daure ya yi wa wanda bai zo ba magana, ko da yayansa ne.

Wahala dai ba makawa sai an sha ta. Zaɓin da ke hannunmu shi ne, ko mu sha ƙarama da gangan a farkon aiki, ko babba ta same mu ran awo. Kafin a zuba irin bana, kowa ya zauna ya tambayi kansa alkawarin da ya ɗauka bara, da abin da ya hana shi cikawa, amsa ta tsakani da Allah. Allah ya ba mu damina da rani masu albarka, amin.