Shiga kyauta, fita sai da kuɗi

A zangon da ya wuce, ni da abokaina uku muka gina manhajar rajistar ɗalibai a matsayin furojet ɗinmu. Wani babban kamfanin gajimare, wato masu ba da hayar kwamfutocinsu ta intanet, ya ba mu kiredit na ɗalibai kyauta. Muka yi ta murna. Da kiredit ya ƙare muka ce bari mu kwashe kayanmu mu koma inda ya fi araha, sai muka tarar rumbun bayanan da muka ɗora aikin a kai nasu ne su kaɗai, ba ya tashi a wani wuri. Kusan rabin aikin sai da muka sake rubutawa, ana saura mako biyu mu kare furojet. Wallahi ban yi barcin kirki ba.

Abin da ya same mu yana samun manyan kamfanoni ma. Amazon da Microsoft da Google su ke riƙe da kusan kashi biyu cikin uku na wannan kasuwa a duniya. Suna gasa sosai, amma a bakin ƙofar shiga. Ka zuba bayananka kyauta, in za ka fitar a caje ka a kan kowace gigabayit. Sai a 2024, bayan Tarayyar Turai ta yi dokar da ta matsa musu, su ukun suka ce sun yafe kuɗin fita ga wanda zai tattara ya bar su. To madalla. Sai dai wannan ƙaramin ƙulli ne. Babban shi ne irin namu: manhajar da aka ɗinka daidai jikin kamfani ɗaya, da ma'aikatan da ba su iya komai ba sai kayansa.

Kamfanin 37signals na Amurka ya ce ya kashe dala miliyan 3.2 a gajimare a 2022, daga nan ya sayi nasa injinan ya fice. Mu nan kuwa da ƙarin ciwo: farashin da dala ake yanka shi. A farkon 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Ba ka ƙara amfani da komai ba, kuɗin hayarka ya ninka uku.

Kar wani ya ce ina kiran a koma ɗakin saba na gargajiya. Duk wanda ya yi SIWES a irin ɗakin ya san labarin: a ɗauke wuta, dizal ya ƙare, na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya. Can ɗin ma akwai tarko. Da Broadcom ta sayi VMware a 2023 ta daina sayar da lasisin dindindin, masu injinan kansu ma suka koma biyan kuɗin shekara-shekara.

Damuwata tana kan abin da muke koyo. Yawancinmu takardar shaidar kamfani ɗaya muke bi, muna haddace sunayen kayansa, amma a ba mu kwamfuta fanko a ce mu ɗora Linux da PostgreSQL da Docker, sai ido ya raina fata. Alhali waɗannan su ke aiki a ko'ina, a gajimaren kowa ko a tsohuwar kwamfutar da ke kwance a lab.

Ina roƙon sashenmu ya sa sharaɗi ɗaya a furojet na bana: ranar karewa, kowace ƙungiya ta ɗauke manhajarta daga inda take ta tayar da ita a wani wuri, a gaban malamai. Mu da an yi mana haka tun farko, da ba mu taɓa wancan rumbun ba.