Azuzuwan Zana a Ƙasar Madarunfa

Ko da yake bisa ƙa'ida a watan Oktoba ake buɗe makarantu a Jamhuriyar Nijar, akwai yara da dama a ƙauyukan Madarunfa, daga Gabi da Safo har zuwa Ɗan Isa, waɗanda karatunsu ba ya kankama sai an yanke gero, domin da kara ake yin ajinsu, kara kuwa ba ya samuwa sai kaka ta yi. Idan kuma damina ta faɗi da wuri, iska da ruwa su tashe su tun ba a kai ga jarrabawa ba, alhali manhaja ɗaya za a tambaye su da takwarorinsu na birni.

Wannan hasarar lokaci ce, kuma akwai wadda ta fi ta ciwo. A Nuwamban 2021 gobara ta kama irin waɗannan rumfuna a birnin Maraɗi, ta halaka yara fiye da 20, watanni kaɗan bayan makamanciyarta a Yamai. Allah ya jiƙan su, ya ba iyayensu haƙuri. Hukuma ta haramta ajin zana a makarantun rainon yara, mun kuma yaba, amma hani ba ya zama gini, kuma ɗan firamare ma amana ne.

A ra'ayinmu, ya wajaba hukumomin gundumomi da attajiran Maraɗi, waɗanda Allah ya hore wa dukiya, su haɗa hannu a gina azuzuwa, a fara da ƙauyukan bakin iyaka, ko da ginin ƙasa ne mai rufin kwano, a gama shi kafin Oktoba mai zuwa.